Yadda Na Sayar da Haruffan Kyauta da Sunan Mijina

Jikokina, ku nutsu ku ji, don abin da zan faɗa ba irin labarin da ake yi wa yara su yi barci ba ne. Ban shiga boko ba, allon ma ban yi nisa a cikinsa ba, saboda haka da baki nake faɗa ana rubutawa. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Birnin Kudu da Gwaram za su gane ni kafin in kai tsakiya. Waɗanda ba su san ni ba kuwa, ba su yi asarar komai ba.

Ni 'yar Sundimina ce, 'yar manoma. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba har na yi furfura. Aure ne ya kawo ni Birnin Kudu, gidan Malam Isyaku mai zane. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Ni ba na karatu, amma ko daga nesa na hango allo na san hannunsa ne, don haruffansa tsaye suke kamar maza a sahun salla. Shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ba mu Jigawa, ita ce kakar cinikinsa. Duk allon da ke ɗauke da tsohon suna sai da aka goge aka sake. Makaranta, tasha, kantin magani, kowa layi yake bi a ƙofar gidanmu. Warin fenti har a cikin tuwonmu.

A wannan lokacin ne wani manomi daga Unguwar Ya ya kawo ɗansa Sabo, ya ce a koya masa sana'a. Ni na ciyar da Sabo. Ni na wanke masa kaya, ni na yi jinyarsa da ya yi shawara. Kwano ɗaya suke ci da 'ya'yana. Inna yake ce mini, Malam kuma Baba.

A sana'ar hannu akwai ƙa'ida. Yaron gida ba ya tashi haka kawai. In ya iya, ubangidansa ne zai tara mutane a yi addu'a, ya miƙa masa burushi da gwangwanin fenti, ya ce je ka, na yaye ka. Sabo bai jira wannan ba. Wata safiya muka tashi ba shi, sai labari muka ji wai yana Kano. Da ya dawo bayan shekaru, da kwamfuta ya dawo, da injin buga takardu. Ya rasa inda zai buɗe shago duk faɗin Birnin Kudu sai tsallaken titi, daidai rumfar Malam.

Mutane suka koma wurinsa, ban ga laifinsu ba, duniya ce ta juya. Abin da ban yafe ba shi ne magana. Wani Alhaji mai sayar da siminti ya tsaya yana wasiwasi tsakanin rumfa da shago, sai Sabo ya ce masa, "Alhaji, hannun Baba ya fara rawa. Kwamfuta kuwa ba ta tsufa." Aka yi dariya. Malam yana zaune, ya ji da kunnensa. Ranar ya wanke burushinsa ya naɗe a tsumma, bai sake kwance su ba. Ya riƙa ramewa a hankali har Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai Sabo ya aiko da kalanda a raba wa masu gaisuwa. Hoton Malam ɗan ƙarami a sama, da addu'a. Na tambayi 'yata, "Wannan babban rubutun na ƙasa fa, me ya ce?" Ta ce, "Sunan shagon Sabo ne, Inna, da lambar wayarsa." Wato har gawar ma talla ya yi da ita. Na tattara kalandun na cusa a murhu. Ina kallon wutar na ce a raina, Sabo, in ban ga ƙofar shagon nan a garƙame ba, ba a haife ni a Sundimina ba.

Da na fita takaba sai na fara tuyar waina a bakin tasha, inda nake hango shagonsa. Kullum ina juya waina, ina juya maganar a zuciya. A nan na haɗu da Habu mai kwat. Ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, shi da kwat ɗinsa. Ya taɓa aiki a shagunan buga takardu a Kano, aka kore shi, ban tambayi dalili ba. Mai surutu ne. Wata rana yana cin waina ya ga inda idona yake, ya ce:

"Inna, kin san haruffan nan da suke bugawa ba su suka ƙirƙira ba? Kowane salo da mai shi."

Na ce, "Su wa ke nan?"

"Mutanen nesa. Wasu salon saye ake yi. Amma irin waɗanda suke buga Hausa da su, masu ƙugiyar nan, da na Ajami, da yawansu kyauta ne. Masu su sun sake su duniya, sun ce kowa ya ɗauka. Su waɗannan 'yan shagunan ba su ma sani ba. Wani ne ya zuba musu a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, su ma suka zuba wa wani."

Na ce, "Ba su san mai su ba ke nan?"

"Ko kusa."

Na ce, "To, na Malam ne."

Habu ya ajiye wainar da ke hannunsa ya dube ni. Can ya bushe da dariya ya ce, "Inna, ashe ni almajirinki ne ban sani ba."

Ku ji da kyau, don ba na son a ce an yaudari tsohuwa. Dabarar daga bakina ta fito. Habu ya ɗinka mata riga ne kawai. Muka shirya cewa wasu baƙi sun taɓa zuwa sun ɗauki hotunan allunan Malam, suka kai hannunsa cikin kwamfuta, suka bazu da shi duniya ba tare da sun ba shi ko sisi ba. Habu zai zama jami'i daga ofishin kare haƙƙin masu fasaha, da kwat da jaka da katin wuya. Ni kuma matar mamaci.

Ba mu fara da Sabo ba. Habu ya ce wuƙa sai an wasa ta. Muka shiga mota sai Gwaram, shagon wani Malam Nuhu mai buga wa Islamiyoyi takardun jarrabawa. Habu ya yi ta zuba Turanci, mutumin yana ta musu, har ya fara ɗaga murya. Sai na zame na zauna a ƙasa, na ja mayafi na rufe fuska, na ce:

"Ɗana, ni ban zo faɗa ba. Hannun mijina ne kake ci da shi. Ya mutu ya bar marayu. In za ka ci haƙƙinsu, ci. Akwai Allah."

Kun san mutanenmu. Za su iya ja da ɗan sanda, su ja da mai karɓar haraji, amma ba wanda zai yarda ya kwana da haƙƙin maraya a cikinsa. Kuma a wurinmu rubutu hannu ne, hannu kuwa dole da mai shi. Ba wanda ya taɓa jin an ce ga abu mai kyau haka, mai shi ya sake shi kyauta ga wanda bai sani ba. Da na ce na Malam ne, sai maganar ta zauna daram, don ta fi gaskiyar kama da gaskiya. Malam Nuhu ya durƙusa ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba, ki yafe mini." Ya biya, ya ƙara mini da kuɗin mota. Kunya ta kama ni, amma kafin mu fita daga Gwaram ta sauka ta bar ni.

Daga nan muka bi shago shago. Har wani malamin firamare a Maruta, mai 'yar kwamfuta a ɗaki yana buga wa mutane katin suna, bai tsira ba. Habu ya ƙara wani abu. Ya kwashe haruffan kyautar ya zuba a filas, ya goge sunayen masu su, ya sa sunan mijina. Duk wanda ya biya tara, sai kuma a sayar masa da filas, a ba shi takarda mai hatimi wai lasisin Malam Isyaku. Da na ji sunan yana yawo a bakin mutane, sai na ce a raina, ga shi na tayar da shi daga kabari.

Sannan muka zo kan Sabo. Na zaɓi ranar kasuwa. A wurinsa ban zauna a ƙasa ba, ban rufe fuska ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya yadda masu acaɓa da masu tallan rake za su ji.

"Jama'a, ku zo ku ga wanda na goya da tuwona! Ya ce hannun Malam yana rawa, ashe da hannun yake cin abinci! Ɓarawon gida, ɗan kan-ta-waye, fito ka dube ni!"

Mutane suka taru. Habu ya shiga ya nuna haruffan a fuskar kwamfuta, ya ce ga su nan, ga su nan. Ya yanka masa tarar da ta ninka ta kowa, don haka na ce a yi. Na zaci Sabo zai yi gardama, na ma tanadi zagin da zan bi shi da shi. Bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Inna, abin da kike so ke nan?" Na ce, "Shi nake so." Ya ce, "To."

Ya sayar da injin ya biya. Masu ba shi aiki suka janye, don ba mai son katin ɗaurin aurensa ya fito daga hannun wanda ya ci marayu. Ma'aikatansa suka watse. Wata rana ina bakin kaskona na ga ya jawo ƙofa ya sa kwaɗo, ya miƙa wa mai gida makulli. Ba zan yi muku ƙarya ba. Ranar na ji daɗin da ban ji ba tun mutuwar Malam. Na sayi nama na yi miya, na ci har na yi gyatsa.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ba ku ji wannan labarin ba. Amma wanda ya saba zama a ƙasa ana ba shi, tashi yana yi masa wuya. Habu ya ce saura shago ɗaya a Gwaram, na wata Madam Rifkatu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tana buga wa cocinsu waƙoƙi da Hausa, tana kuma yin katin biki. Ya ce, "Baƙuwa ce, mace ce, ba ta da kowa. Za ta biya kafin ki gama kuka."

Muka je. Habu ya yi nasa, na zame ƙasa na yi nawa. Matar ta saurara har na kai aya. Sai ta ɗauko kujera ta ce, "Mama, tashi ki zauna, ƙasar akwai sanyi. Ni ma na binne miji, ni ma ina da marayu, kuma da wannan shagon nake ciyar da su." Ta ba ni ruwa. Sannan ta juya wurin Habu ta ce, "Oga, waɗannan haruffan masu fassara mana littattafai ne suka ba ni, tare da izinin masu su. Ga izinin nan cikin kwamfuta, tare suke tafiya. Ka ce daga wane ofis kake? Bari in kira su su zo mu karanta tare."

Habu ya shafa aljihu ya ce katin wayarsa ya ƙare, bari ya sayo ya kira su da kansa. Tun daga ranar har yau ban sake sa shi a ido ba. Ya tafi da jakar, ya bar ni a kan kujera da kofin ruwa a hannu. Kafin la'asar Malam Nuhu da sauran sun cika ƙofar shagon. Daga can sai caji ofis.

A kotu alƙali ya sa aka fassara mini abin da masu haruffan suka rubuta, dalla dalla. Sun ce kowa ya ɗauka ya yi aiki da su, ba sai ya nemi izini ba. Ka buga littafi ka sayar, halal ne. Ka yi allo, ka yi kati, ka ci ribarka. Ka ba abokinka, ka ba maƙiyinka. In ka iya, ka gyara su su dace da harshenku. Abin da suka hana kaɗan ne: kada ka sayar da haruffan su kaɗai kamar hajarka, kada ka goge sunan masu su, kada ka raba su da wannan izinin. Duk abin da suka hana, shi muka yi. Alƙali ya ce, "Inna, mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya ya ce sadaka ce, ke kika zo kika kewaye ta da ƙaya kina karɓar kuɗin guga." Na sunkuyar da kai.

Aka kira waɗanda muka cuta ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Sabo, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a yaudare ni ba. Na san haruffan kyauta ne tun ina Kano."

Alƙali ya ce, "To me ya sa ka biya har ka rasa shagonka?"

Ya ce, "Na bar Baba ban yi sallama ba. Na kuma faɗi maganar da bai kamata ba. Na ga in ta wannan hanyar Inna za ta huce, to ta huce."

Jikokina, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ni ina can ina murna na kayar da shi, ashe shi ya kwanta da kansa. Har ramuwar ma ya ƙwace mini. Na miƙe a gaban alƙali na ce, "Sadaka ka yi mini, Sabo? Ni za ka yi wa sadaka, ɗan da na wanke wa kashi?" Sai da ɗan sanda ya zaunar da ni. Aka yanke mini hukunci, aka wuce da ni gidan yari da furfurata.

Ba zan ce muku ina shiga na tuba ba. Watannin farko ba abin da nake yi sai ƙulla yadda zan yi da su in na fito. Habu in sa a kama shi ko a ramin kura ya shiga. Sabo kuwa ban ma san me zan yi masa ba, kuma rashin sanin ya fi komai ci na. Ina shara ina tsine musu, ina wanke kwanuka ina tsine musu. Gandirobobi har suna ce mini Inna mai Allah-ya-isa.

Abin da ya karya ni 'yata ce ta kawo shi ranar ziyara. Na tambaye ta gari. Sai da na matsa ta ce, "Inna, masu shagunan da ke da sauran allunan Baba sun sa an shafe su da fenti. Sun ce ba sa son a haɗa su da mu. Yanzu a tasha in mutum ya kawo jabun kaya, sai a ce lasisin Malam Isyaku ne, a yi dariya." Na ce, "Yayanki fa?" Ta ce, "Ya koma Dutse. In an tambaye shi ɗan wane ne, sai ya ce ɗan manomi."

Mutumin da bai taɓa cin kwabon wani ba. Mutumin da in an ba shi kuɗin fenti ya yi saura, sai ya taka har gida ya mayar. Sabo maganar rana ɗaya ya yi masa, da tuni an manta. Ni na mayar da sunansa karin magana. Ranar na daina tsinuwa, don na rasa wanda zan fara da shi in ba kaina ba. Na fara salla ina kuka, ba irin kukan da nake yi a ƙasan shaguna ba.

Da aka sake ni, na je Sundimina na sayar da gonar gadona. Na bi mutanen ɗaya ɗaya na mayar musu da abin da ya samu. Malam Nuhu ya karɓa ya koma kan aikinsa. Madam Rifkatu ta rungume ni, ni da na je cin marayunta. Sabo na bari a ƙarshe. Na tarar da shi yana aiki a shagon wani, a ƙarƙashin yaron da bai kai shi iyawa ba. Na ce, "Sabo, na zo ne..." sai ya tari numfashina. Ya ce, "Na yafe, Inna. Ni ma ki yafe mini." Na ce, "Ina ƙoƙari." Iyakar gaskiyata ke nan, kuma har yau ƙoƙarin nake. Habu kuwa ban yafe ba. Na bar shi da Allah, akwai ranar da ba a fita sayen kati.

To ku 'yan zamani masu kwamfuta, ku ji. Duk salon haruffan da ya shigo hannunku, ku nemi sanin mai shi da abin da ya ce. In na saye ne, ku saya. In na kyauta ne, ku yi aikinku hankali kwance, ku ba na kusa da ku, kada ku sayar, kada ku kankare sunan wanda ya sha wahalar zana su. Duk wanda ya zo muku da kwat ko da kuka ya ce ku biya, ku ce a karanta izinin a gaban kowa. Ku masu koyon sana'a, kada ku fita gidan ubangida ta bayan katanga. Ku durƙusa ku yi sallama, ba ta rage kowa.

Wanda kuma ke kwana da wani a zuciya, yana jiran ranarsa, ya dube ni. Na samu ranata. Na ga kwaɗo a ƙofar da na rantse zan gani. Sabo yana nan da ransa, yana da bakin da ya nemi gafara aka ji shi. Wanda na ɓata yana kabari, ba ya iya tashi ya ce ba ruwansa. Kwanana sun ƙare, na kusa tarar da shi, kuma ban san da wane ido zan dube shi ba.